Zanen Goyon da Aka Ɗaura Baibai

A garinmu Dingyaɗi, tun Nasara ba su zo ba, mace ba ta riƙe allura. Kaɗi namu ne, ɗinki na maza. Ni kuwa na riƙe, kuma ban nemi iznin kowa ba. Babanmu maɗinkin riguna ne, da idonsa ya soma hazo ni ce mai zura masa zare. Daga zura zare na koma kalmasa, daga kalmasa sai ga ni ina tsince ƙyallayen da suka zube gefen tabarmarsa ina haɗa su. Da ya rasu aka zo rabon kaya, abin da na fara kai wa hannu shi ne allurai uku cikin kara da wata 'yar aska da ta sha washi har ta zama siririya. Matan gidan suka yi ta dariya, na bar su da dariyarsu.

A gidan mijina, in na sauke tukunyar rana na share tsakar gida, sai in jawo lefena in zauna inuwar rumbu. In yanka ƙyalle ƙanana, in jera baƙi gefen fari, ja a tsakani, in ɗinke. Ba sayarwa nake yi ba, wa zai saya? Rufin matashi ne, shimfiɗar zama ce, wani ma ba shi da aikin yi sai in buɗe in kalla in ninke. Maigidan manomin albasa ne, mutum mai tsokana. Yakan leƙo ya ce, "Mutane na yanka sabo su yi riga, ke kina yanka tsumma ki yi tsumma." Ni kuma in ce, "Kai ma albasa kake binnewa ka tono albasa." Haka muke zaune, ba mai bin wani bashin magana.

Ƙanwata mai bi na tana aure a Horo Birni, can ƙasar Shagari, gidan masu shanu. Haihuwa uku ta yi, uku ta binne. Na fari kwana tara ya yi, ta biyu ta kusa arba'in, na uku har ya soma dariya. Wabi ke nan, ba sai an faɗa ba. Kowace haihuwa ni da innarmu mukan kai mata sabon zanen goyo. Da na je ta'aziyyar na uku, ta buɗe mini adudunta, ga su nan su uku a ninke, baƙin cikinsu ko sheƙinsa na bugu bai gushe ba. Idonta a bushe ta ce, "Yaya, kwashe su ki yanke, ke da ka son ƙyalle." Na rufe adudun na ce ta bar faɗin haka. Kukan da ba ta yi ba ni na yi shi a hanya, tun daga Horo Birni har Shagari.

Bayan shekara guda, kaka ta yi an ɗaure dawa, wata dangin mijinta da ke wucewa Bodinga ta biyo da saƙo daga uwar mijin. Ƙanwata na da ciki. Kada kowa ya sayi sabon zane wannan karon. A bi gida bakwai inda 'ya'ya ke rayuwa, a roƙo tsumma, a harhaɗa, da shi za a goya abin da aka haifa. Kuma iyakar muninsa iyakar kyansa, don in aka ga jariri cikin tsumma ba mai cewa ana son sa, ido ba ya tsayawa kansa, abin da ke ɗauke su ma sai ya wuce bai kula ba. Ni aka ɗora wa aikin tunda ni ce mai allura. Matar ta sha ruwa ta miƙe, har ta kai ƙofa ta juyo ta ce ita mai cikin ta ce kada in wahalar da kaina. Wai baƙo ne, zai wuce kamar sauran.

Wannan maganar ce ta tsorata ni, ba tsumman ba. Macen da ta kira ɗan cikinta baƙo tun bai zo ba, ko ya zo ba za ta riƙe shi da hannu biyu ba. Na ga irinta, nono ma ƙafewa yake yi.

Na ɗauki ƙwarya na shiga gari roƙon tsumma, ni da ko gishiri ban taɓa roƙa ba. Maƙwabciyarmu mai 'ya'ya tara, wadda ko hayaƙin murhunta ba ta so ya tsallaka danga, ta daɗe tana tone-tone sannan ta miƙo mini abin da take sauke tukunya da shi. Na karɓa na yi godiya, Allah Ya ga zuciyata. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta yage bakin zanenta baƙi nan take ba tambaya. Matar liman kuwa ta ɗaga murya yadda za a ji ta daga zaure, ta ce camfi ne, ba da ita ba. Na fito raina a ɓace. Washegari ina tankaɗe sai ga ta da ƙafarta, wai ta zo aron rariya, da ta tashi tafiya ta bar wani jan ƙyalle na alharini ƙarƙashin faifaina. Har ta mutu ban taɓa tayar mata da zancen ba. Na bakwai wajen innarmu na karɓo, guntun saƙin da ta goya mu duka da shi, ya yi laushi kamar auduga.

Na yi niyyar bin umarni, wallahi na yi. Kwana biyu ina haɗa su yadda suka zo, da manyan taku irin na ɗinkin buhu. Sai warin na maƙwabciya ya ishe ni, na ce a ƙalla dai a wanke. Na jiƙa su da ruwan toka, na cuɗa, na shanya a danga. Da suka bushe sai ga launi ya fito. Ashe abin sauke tukunyar nan guntun zanen tsamiya ne, ruwan ƙasa mai kyau. Na tsaya ina kallon su, sai zuciya ta taso mini. Na ce yanzu wannan yaro, in ma kwana tara zai yi irin na wansa, abin da fatarsa za ta sani na duniya ke nan, ƙazanta da ƙulli? Ko kwana nawa Allah Ya rubuta masa, ya yi su cikin abu mai kyau. Ba zan ɓoye ba kuma, akwai son a sani a ciki. Hannuna bai iya mummunan aiki ba, kuma ina alfahari da haka fiye da yadda ya kamata.

Na warware abin da na yi. Na sami sakaina na feƙe ta murabba'i, faɗin yatsu uku, ita ce ma'aunina. In ɗora ta kan ƙyalle a bayan akushi, in bi gefenta da askar Baba, sannan in raba wasu biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Wahalar aikin duk a kusurwa take. Inda ƙyalle huɗu suka haɗu dole bakinsu ya zo wuri ɗaya, in ɗaya ya zame da faɗin ƙwayar gero, gidan gaba ɗaya ya karkace, kuma tsohon ƙyalle miƙewa yake yi in an ja shi, mai sauran ƙarfi kuwa ya ƙi. Akwai gidan da na warware sau uku, na huɗu na zage shi kamar yana ji. Zaren ma da kaina na kaɗa shi siriri, don na kasuwa yana yaga tsohon zane. Gida tara na yi, uku uku, kamar gurbin dara, kowane gida da nasa zubi. Saƙin innarmu na sa a na tsakiya, na zagaye shi da jan matar liman.

Rani ya same ni a kai. Maigida ya daina tsokana, wata rana ma na kama shi ya ɗaga yana kallo, da ya gan ni ya ce wai kunama yake dubawa. Abin da ya rage shi ne shafi, wato in rufe bayan da farin zane, don bayan irin wannan aiki ba ya kalluwa, duk zare ne buzu-buzu da ƙulli da bakin ƙyalle a tsaye. Ban kai ga shafin ba labari ya zo ta haihu, mace, kuma watan bai cika ba. Lokacin an cire albasa, maigida zai kora jakuna kasuwar Shagari. Na ninke zanen yadda yake na ɗaura a ƙugu na bi su. Muka bi ta Sifawa, muka kwana Shagari wajen wata gwaggonmu, da hantsi na shiga Horo Birni ana gobe suna.

Abin da na tarar ya fi abin da na ji tsoro. Jaririyar tana kwance kan tsohuwar fatar akuya kusa da ƙofar ɗaki, 'yar mitsitsiya, kukanta ma ba ya kai tsakar gida. Ƙanwata na kan gado ta ba ta baya. In lokacin nono ya yi sai uwar mijin ta ɗauko ta ta ɗora mata, ita kuwa ta juya fuska bango har a gama. Matan gidan suka ce tun da ta haihu ba ta dubi fuskar yarinyar ba, ba ta nemi komai ba, ko kunun kanwa sai an matsa mata. Na gaishe ta, ta amsa kamar mun rabu jiya.

Na fito tsakar gida, na durƙusa na gaida tsohuwar, na kwance zanen na baza shi kan tabarma gaban mata. Na san abin da nake so in ji, kuma na ji shi. Masu daka suka aje taɓare, wata ta ce tubarkalla, wata ta kira ta ɗaki ta zo ta gani. Tsohuwar kuwa ba ta matso ba, fuskarta ta sauya kamar na baza mata likkafani.

Ta ce, "Wanga mi na?"

Na ce, "Tsumma na, Inna. Gida bakwai, kamar yadda kinka ce."

Ta ce, "Tsumma nic ce. Wanga da ka kiran ido tun daga bakin garka? Dubi yadda sunka taru kansa, tun ba a sa ɗiyar ciki ba." Ta juya ga matan ta ce a kai shi garke a turmuɗe shi da kashin shanu da toka, in ya bushe a kawo.

Jinina ya tafasa. Wata huɗu ina tsiyaye idona, a kai wa shanu? Na dafe gefen zanen, na manta gidan surukai nake, na manta furfurarta. Na ce malamar da ke karantar da mu a Sifawa ta faɗa mana rai da ajali hannun Allah suke, mutuwa ba ta duban zane, kuma wannan abin da ake yi camfi ne. Na faɗa da ƙarfi, har da nuna yatsa. Ban san inda na aje kunyata ba ran nan.

Ba ta yi mini tsawa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kama ɗaya gefen zanen a hankali ta ce, "Ɗiyata, na san Mai bayarwa na san Mai karɓa tun ba a haihe ki ba. Biyar nib binne na cikina. Na shida shi na mijin ƙanwarki, cikin tsumman akumarin jaki nig goye shi, ga shi can yana kiwo. Ke nawa kinka binne?"

Ban binne ko ɗaya ba, nawa huɗu suna gida suna cinye mini tuwo. Na gane ba mugunta ke sa ta ba, tsoro ne, kuma tsoron nata ya girmi nawa. Amma hannuna ya ƙi sakin zanen. Haka muka tsaya, ita da gefe ni da gefe, mata sun yi cirko-cirko.

Sai muka ji murya daga ɗaki, ba ƙarfi, ta ce, "Ku ba ni."

Ƙanwata ce. Shi ne abu na farko da ta nema a kwana shida, don haka ba wadda ta yi gardama. Muka shiga mu biyu muka miƙa mata. Ta tashi zaune ta ɗora shi kan cinya, ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa. Da ta kai gidan tsakiya ta tsaya ta ce, "Wanga na innarmu na." Na ce shi ne. Ta juya bayan, ta ce, "Ba ki yi mai shafi ba." Na ce, "Ke kinka riga ni, wa yac ce ki haihu wata bai cika ba?" Bakinta ya motsa kaɗan, bai kai murmushi ba. Sai ta ɗaga zanen baibai ta nuna wa uwar mijinta ta ce, "Inna, duba nan. Ya yi muni?"

Tsohuwar ta matso ta kai shi kusa da ido, ta ja wani zare, ta shafa ƙulle-ƙullen. Ta ce ya yi, ita dai tun da take ba ta taɓa ganin ƙazamin aiki irinsa ba. Na haɗiye wannan da ƙyar.

Ƙanwata ta ce to haka za a ɗaura shi, mutane su ga wannan gefen, mai santsin ya bi jikin yarinya, da ma ƙullin zai ci mata fata. Ta shimfiɗa shi kan gado, kyan yana sama. Na ɗauko jaririyar daga kan fata na miƙa mata, ta karɓa. Tana so ta daidaita kan yarinyar bisa saƙin innarmu, kuma ba a daidaita kan jariri ido na bango. Ta duba. Ta gyara, ta sake gyarawa, abin da ya riga ya daidaita. Can ta ce, "Yaya, kunnenta irin na Baba na." Sai hawaye, na ukun da ta binne da na ta huɗun gaba ɗaya, har suna ɗiga kan yarinyar. Tsohuwar ta fita ta ce a ɗora kunu, ni kuma na zauna bakin gado ina share majina da gefen zanena.

Kwana biyar na yi na dawo gida, kuma kada wani ya ɗauka na dawo da kwanciyar rai. Duk wanda na ji an ce daga wajen Shagari yake sai gabana ya faɗi. In yarinyar nan ta tafi, za a ce zanena ne, ni ma kaina haka zan ce ko da bakina yana cewa camfi. Na yi addu'a a wannan shekarar fiye da duk wadda na yi a baya, na kuma rage baki, abin da maigida ya ce shi ne babbar karamar zanen. Labari yana zuwa jefi-jefi. Ta yi arba'in. Ta zauna. Ta yi zawon haƙori har an fid da rai, ta tashi. Masu zuwa kasuwa suka ce a rijiyar Horo Birni ana yi wa ƙanwata dariya, matar mai shanu da goyon buzu-buzu, ita kuwa ko a jikinta.

Damina biyu suka wuce. Wata ranar da la'asar ina inuwar rumbu da lefena, sai na ji hayaniyar mata daga wajen rijiya tana matsowa. Ƙanwata ce ta kawo yarinyar yaye wajen innarmu, ta ratso gari da goyo, kuma zanen kyansa na waje. Maƙwabciyata mai rowa tana biye da ita tana nuna wa kowa tsamiyarta, wai da ma ta san mai kyau ta bayar. Na tambayi ƙanwata wa ya ce ta juya. Ta ce tsohuwar ce da hannunta ta kwance ta juya mata shi a bakin garka, wato ƙofar gida, wai kada a je garin mutane a ce gidan masu shanu ba su da zane.

Ta sauke yarinyar, ta dire da ƙafafunta ta nufi kajina. Ni kuwa zanen na ɗauka, ina ɗokin in sake ganin aikina. Sai na ga abin takaici. Jan matar liman ya koma ruwan ƙasa, farin ya sha shuni da gumi da fitsari, saƙin innarmu ya huje daidai inda mazaunan yarinyar ke zama. Gidan da na warware sau uku ko kusurwarsa ba a gani. Bayan da aka ce ƙazami shi ya fi riƙe launi. Na ce, "Haba, kun kashe mini aiki."

Ƙanwata ta karɓe shi ta zura yatsa cikin hujin ta ce, "Ya tsuhwa, Yaya. Ban taɓa goyo har zane shi tsuhwa ba sai wanga."

Ta kwance ƙunshin da ta ɗauko a ka, ta fiddo zannuwan nan uku na cikin adudu, suna nan da karin ninkinsu, ta aje mini kan lefe. Ta ce yanzu in yanke su, in toshe hujin, in yi shafi, abin da ya rage in soma wani don ba a san gaba ba. Na jawo akushi na kife, na ɗauko sakainata da askar Baba. Ƙyallen farko da na yanka yarinyar ta warce shi ta ruga bayan rumbu, uwarta ta bi ta tana faɗa.